Jarumar da ta ɓace a tafin hannu

Makonni uku na kwashe ina zana sulken wata jaruma, zobe bayan zobe, kafin na gane cewa babu idon da zai taɓa ganin zobban nan. Ba wanda ya sa ni aikin, sha'awa ce kawai. Ina son wasan kati na Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993, sai na ce bari in ƙirƙiri tawa jarumar, in zana ta kamar gobe za a buga ta a kati. Na ba ta ja, domin a cikin launuka biyar na wasan, ja shi ne na wuta da zafin kai da gaggawa.

Na buɗe Krita, manhajar zane a kwamfuta, na shimfiɗa fili mai faɗin fiksel 6000, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo, na duƙufa. Ina ta kusanto da hoton har sai ƙusa ɗaya ta kafaɗar sulken ta cika allon kwamfuta. Na sa tsatsa a gefen kwalkwali, na ɗinke kuben takobi zare-zare, har wani rubutu na tsara a jikin ruwan takobin. Da na gama, na ji kaina ya kumbura.

Sai na buga shi a takarda daidai girman katin gaske, milimita 63 a faɗi, 88 a tsawo. Tagar zanen kuwa ba ta kai rabin katin ba, tunda suna yana sama, bayanin dokoki ya cinye ƙasa. Na miƙa wa wani abokin wasana. Ya kai shi kusa da ido, ya janye, ya sake dubawa, ya ce, "Kai, wannan mutum ce ko tarin ƙarafa?" Ban ji daɗi ba, amma da na karɓa na duba, ni ma sai da na yi laluben inda fuskarta take.

Lissafin ba shi da wuya, ni ne ban yi ba. Idan za a buga kati a ɗigo 300 a kowane inci, dukan katin bai wuce fiksel 750 a 1050 ba, tagar zanen kuma ta samu ɗari shida da 'yan kai a faɗi. Ke nan kusan duk fiksel goma da na jera sun narke sun koma ɗaya. Zobban sulken da na sha wuya a kansu sun zama toka-toka kamar ƙura.

Daga nan na koma farko, kuma a nan ne na koyi abin da ya fi komai yi mini amfani. Na ajiye launi gaba ɗaya. Na riƙa zana ƙananan siffofi baƙi wuluk, kowace ba ta wuce girman babban yatsa ba, kamar inuwar mutum a bango. Na yi wajen ashirin a zama ɗaya. Tambayar guda ce: in ba fuska, ba ado, za a gane wace ce wannan da abin da take shirin yi? A zanena na farko takobin yana kwance a kan ƙirjinta, hannuwa a manne da jiki, don haka inuwar ta fito kamar buhu. Da na ɗaga takobin sama ta bayan kafaɗa, na raba gwiwar hannu da haƙarƙari har haske ya ratsa tsakaninsu, sai ga jaruma ta bayyana tun kafin in sa mata ido ko hanci. Bayan inuwa sai na ƙara matakai uku kacal: duhu, tsaka-tsaki, haske. Inda haske mafi ƙarfi ya haɗu da duhu mafi ƙarfi, can idon mai kallo yake fara sauka. A da na warwatsa wannan haɗuwar a kowane lungu na sulken. Yanzu na tattara ta a fuska da bakin takobi, sauran jikin na bar shi ya lafa.

Akwai wata dabara da nake rainawa a da, wato juya hoton hagu ya koma dama. Ido yana sabawa da kuskuren da ya daɗe yana kallo. Ranar da na fara juyawa, na ga ashe jarumar tawa ta karkace kamar za ta faɗi, kafaɗa ɗaya kuma ta fi ɗaya tsawo.

Takobin ma ya koya mini hankali. Na zana shi ƙato, wai don kwarjini, amma hannunta yana riƙe da shi kamar tsinke. Da na bincika na ga dogon takobin Turai na hannu biyu nauyinsa yakan kai kilo ɗaya da rabi ne kawai, sai na ɗauki sanda na tsaya gaban madubi ina ɗagawa. Nauyi a ƙugu da ƙafar baya yake zama. Zanen almara yana iya ƙara wa makami girma yadda ya ga dama, amma sai jiki ya nuna cewa yana ɗauke da shi.

Ja kuwa ya ci amanata. Allo yana haɗa launi da haske, injin bugawa kuma da tawada huɗu, shi ya sa jan da ke ci kamar garwashi a kwamfuta ya fito a takarda kamar busasshen jini. Na rage dogaro da kaifinsa, na sa shuɗi mai sanyi a bayanta, sai ya farfaɗo.

Kamfanin wasan ya yarda masoya su yi irin wannan zane muddin kyauta ne kuma an bayyana cewa ba na hukuma ba ne, don haka na rubuta hakan a ƙasa. Yanzu kullum akwai ƙaramar taga a gefen allona da ke nuna zanen a girman kati. Bugu na biyu da na miƙa wa abokin nan, bai kai shi kusa da ido ba. Ya ce, "Wa ya ɓata mata rai haka?"