Wayar da ake rainawa a kwamfutar injin jirgin sama

Duk lokacin da aka kawo mini ƙarar cewa kwamfutar injin wani ƙaramin jirgi tana nuna zafin da bai dace ba, ko kuma fitilar gargaɗi tana kamawa tana ɗaukewa ba gaira ba dalili, wurin da nake fara dubawa shi ne wayar da wuta ke bi ta koma batir, wadda ake kira wayar ƙasa. Sunan ma aro ne, domin jirgin da ke sararin samaniya bai taɓa ƙasa ba, jikinsa na ƙarfe ne yake tsayawa a madadinta.

Abin da ya sa wayar nan take da muhimmanci shi ne, da ita kwamfutar ke gwada duk wani saƙo da ya zo mata daga injin. Ma'aunin zafin hayaƙi nau'in K yana ba da kusan maikirobolt 41 ne kacal a kan kowane digiri ɗaya na Salsiyas, saboda haka idan milibolt ɗaya tak, wato maikirobolt dubu, ya kutsa cikin layinsa, lissafin zai kauce da kimanin digiri 24. A gefe guda kuma, sitata tana jan wutar da ta haura amfiya 100 a lokacin tayar da inji. To, injin yana zaune ne a kan robobi masu shanye girgiza, roba kuwa ba ta wuce da wuta, shi ya sa ake ɗaura saƙaƙƙen igiyar tagulla mai kauri daga jikin injin zuwa jikin jirgin. Idan igiyar nan ta yi tsatsa ko notinta ya saki, wutar ba za ta fasa komawa ba, sai dai ta nemi wata hanya, kuma sau da yawa siraran wayoyin kwamfutar take bi har ta ƙona su.

Na taɓa shafe kwana biyu ina zargin wata kwamfuta mai lafiya, ashe wanda ya ɗaura igiyar bai kankare fentin da ke ƙarƙashinta ba. Ido ba ya ganin irin wannan kuskure, sai mita. Littafin AC 43.13-1B na hukumar jiragen sama ta Amurka ya ce kada turjiyar irin wannan mahaɗa, wato yadda take hana wuta wucewa, ta wuce om 0.003, mitar da muke riƙewa a aljihu kuwa ba ta iya karanta adadi ƙarami haka, dole sai an samo wadda aka ƙera domin aikin.

Sai batun rigar ƙarfe da ke lulluɓe wayoyin saƙo, inda masu gyara suka fi yin gardama. Wasu sun rantse cewa a gefe ɗaya kawai ake haɗa ta da ƙasa, don kada wuta ta riƙa zagayawa a cikinta tana haddasa hayaniyar da ke gurɓata saƙon. Wannan gaskiya ne ga saƙonni masu tafiya a hankali, amma a manyan jirage, inda ake tsoron tsawa da ƙarfin na'urar rada, akan haɗa ta ta gefe biyu, a kewaye bakin soket ɗin gaba ɗaya. Ni a ganina ra'ayin makaniki ba shi da gurbi a nan, zanen kamfanin da ya ƙera injin shi ne alƙali.

Injin Rotax 912 iS, wanda kamfanin Rotax na ƙasar Ostiriya ya fitar a 2012, ya isa misali. Kwamfutarsa tana da layi biyu, A da B, yana kuma da janareta biyu, sannan an raba wayar ƙasa ta injin da ta jirgin da gangan, ana haɗa su ne a lokacin tayarwa kafin janareta ta karɓi aiki. Wanda ya saba da wayar mota, inda kowace baƙar waya ake ɗaure ta a jikin bodi, zai iya haɗe wayoyin ƙasan biyu da kyakkyawar niyya, inji ya tashi lafiya lau, alhali ya rushe katangar da aka gina domin kada matsalar rediyo ko fitila ta tsallaka zuwa injin jirgin yana sama.