Allon salsalar Naruto: Indra da Asura sun zauna daram

'Yan'uwa masu zanen salsala, albishirinku! Abin nan da ya hana ni sakat a allon salsalar Naruto, labarin zane na Japan, ya warware: yadda zan nuna gadon cakra daban da na jini.

Saman allon ba ya ba kowa wahala. Kaguya a ƙoli, Hagoromo da Hamura a ƙasanta, Hyuga su gangaro ta wajen Hamura, Uchiha ta wajen Indra, Senju da Uzumaki ta wajen Asura, su biyun 'ya'yan Hagoromo ne. Inda kwali ya yi ta cin kuɗina shi ne maganar cakra, wato ƙarfin da 'yan labarin ke yaƙi da shi. Madara da Sasuke na Indra suka gada, Hashirama da Naruto kuwa na Asura. To wannan gadon ba na jini ba ne, amma da zarar ka ja layi daga Hashirama zuwa Naruto, duk wanda ya kalla sai ya ɗauka kaka ne da jika. Ƙanena ma tsayawa ya yi ya ce, "Yaya, ashe Tsunade yayar Naruto ce?" Ita Tsunade jikar Hashirama ce ta jini. Nan take raina ya ɓaci.

Na gwada layin ɗigo-ɗigo, ya bi ta kan layin auren Hashirama da Mito ya dagula wurin. Na sayo alƙaluman maka masu launi, har naira 4,500, ja ɗin ya jiƙa kwalin ya ɓullo ta baya. Ko tuna kuɗin nan ba na son yi.

Zaren saƙa ne ya fitar da ni. Na kafa ƙananan ƙusoshi a gefen sunayen, na ɗaura jan zare daga Asura zuwa Hashirama zuwa Naruto, shuɗi kuma daga Indra zuwa Madara zuwa Sasuke. Zaren yana sama da takardar da kamar kaurin yatsa, don haka ba ya taɓa layin jini ko ɗaya. Wallahi ko daga bakin ƙofa ka hango, ka san abu biyu ne daban. Ku dai liƙa kwalin a jikin katako tukuna, ƙusa ba ta kama kwali zalla.

Tsakanin Hashirama da Tsunade akwati na bari fanko, na haɗa ƙanenta Nawaki a gefenta. Babi 700 marubucin Naruto, Masashi Kishimoto, ya yi daga 1999 zuwa 2014, bai ambaci sunan iyayensu ba, ni kuwa ba zan cike masa da hasashen intanet ba. Haka Kushina, Nagato da Karin: na sa su a inuwar Uzumaki, ban haɗa kowa da Mito da layin jini ba, duk da Kushina, mahaifiyar Naruto, ce ta karɓi Kurama, dabbar nan mai jela tara, daga gare ta.

Yanzu Boruto da Himawari, 'ya'yan Naruto, ne suka tsaya mini. Ta dalilin mahaifiyarsu Hinata, 'yar Hyuga, zuriyar Hamura da ta Hagoromo sun haɗe a kansu, alhali na ajiye Hyuga can ƙarshen hagu. Wanda ya taɓa ƙetare wannan ba tare da sake sabon kwali ba, don Allah ya nuna mini yadda ya yi.