Ganye ba ya tsayar da tirela

Duk wanda ya miƙo mini hannu muka gaisa sai idonsa ya sauka a kan tabon da ya taso daga wuyan hannuna na dama har kusa da gwiwar hannu. Yaran tasha sukan ɗauka haɗari na yi. Ba haɗari ba ne, murfin lagireto ne, kuma ni na buɗe shi da kaina, ba wanda ya aike ni. Tun da na ga ƙannenmu suna ta shigowa wannan sana'a, yau mutum yana yaron mota, gobe an damƙa masa makullin bas, na ga ya kamata in faɗi wautar da na tafka a hanya, ko wani ya tsira da fatarsa.

Lokacin ban daɗe da karɓar mota ba, wata tsohuwar Hiace ce, ina jigila tsakanin Kano da Potiskum. Wata bazara ce, rana ta take, mun wuce Shuwarin sai na ga allurar zafi tana hawa. Na ce bari in lallaɓa zuwa Kiyawa. Kuskuren farko ke nan. Kafin mu kai, tururi ya fara tasowa ta ƙarƙashin kujera, don injin irin wannan mota a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Na tsaya, fasinja suka hau mita, wani Alhaji yana duba agogo yana cewa, “Direba, a yi mana sauri mana, muna da ɗaurin aure.” Na ɗaga kujera, na kama murfin nan na murɗe. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasa ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ruwan lagireto a matse yake, matsin ne ke hana shi tafasa ko da zafinsa ya haura digiri 100. Kana sassauta murfi matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya feso. Sai a kashe mota, a ba ta aƙalla rabin sa'a, a taɓa tiyon sama na lagireto a ji ya yi laushi, sannan a rufe murfin da tsumma mai kauri a murɗa kaɗan, iska ta gama fita kafin a cire. Kuma ba a kwarara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan silinda yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe, a koma zancen gasket da kuɗin da ba ka da su. Ni kuwa ranar, wata baiwar Allah ta shafa mini makilin, wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai, yaron motata ya ɗebo baƙin mai. Duk don tausayi suka yi, amma da na je asibiti sai da aka kankare su tas, kuma kankarewar ta fi ƙunar ciwo. Ruwa mai tsabta kawai ƙuna take so, a yi ta zuba mata kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Dalilin zafin injin kuwa fanbel ne, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, ya saki. Kwana uku yana yi mini kuka da safe ina ƙara sautin rediyo.

Wannan ni kaɗai ya ci. Wanda har yau in na tuna gabana yake faɗuwa shi ne na dare, tsakanin Jama'are da Azare, tun hanyar tana falle ɗaya. Tayar baya ta yi faci bayan isha'i. Maimakon in lallaɓa in sauka daga kwalta gaba ɗaya, sai na tsaya rabi a kan titi rabi a gefe, wai ina jin tausayin rim. Na aiki yaro ya karyo ganye ya jera a bayan mota, taki goma ko sha biyar, kamar yadda na ga ana yi tun ina ƙarami. Fasinja suka sauko, mata suka shimfiɗa zani a bayan motar suka zauna da yara, don nan ne iska ba ta kaɗawa. Ni kuma na durƙusa ta ɓangaren titi ina fama da wilsifana, na kashe fitilu duka wai kada batir ya sauka.

Ƙarar birkin tirela na ji. Irin ƙarar nan da ke shiga har cikin haƙori. Direban ya gan mu a makare, ya karkatar da kan mota, bodinsa ya shafi madubina ya tafi da shi, iskarsa ta watsar da ganyen nan kamar ba a taɓa ajiye su ba. Ya tsaya can gaba ya dawo da ƙafa, dattijo ne, jikinsa yana rawa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, “Yaro, da na kwashe matan nan, da ni da kai wa zai iya barci har ya mutu?” Na kasa ɗaga kai.

Ku yi lissafin da ban yi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Alamar da ka ajiye taki goma sha biyar a bayanka ba ta ba mai zuwa ko daƙiƙa guda ba, balle tirela da lodi wadda ba ta tsayawa don an taka birki. Ganye kuma baƙi ne da dare, ba ya ƙyalli. Alamar nan mai kusurwa uku da muke kira sikoshin, wadda yawancinmu muke saya don kada jami'an kiyaye haɗurra su kama mu, ita ce ke mayar wa mai zuwa haskensa tun daga nesa. Ni yanzu biyu nake ɗauka. A buɗaɗɗiyar hanya ina ƙirga taki ɗari kafin in ajiye, in kuma a kwana ne ko bayan tudu, sai na kai ta inda mai zuwa zai gan ta kafin ya shigo kwanar. Fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa ta ko'ina tun kafin mota ta gama tsayawa nake kunna su. Batir in ya sauka a tura, ba a tura mutum ya tashi.

Sannan fasinja. Kafin ka taɓa jak, kafin ka kira maigida, fitar da mutane ta ƙofar da ba ta kallon titi, ka kai su can cikin gefe, nesa da kwalta. Kada kowa ya zauna a gaban mota ko bayanta, don in aka daki motar kansu za ta hau. Za su yi ƙorafi, wani zai ce ƙaya, wata za ta ce maciji. Ka yi haƙuri ka dage, a wannan lokacin kai ne uban tafiya ko da akwai sa'an kakanka a ciki. In abin ya haɗa da rauni, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Ku sa su a waya tun yanzu, ranar da ake buƙatarsu kai ba ya aiki. Wani abu kuma da ban yafe wa kaina ba, da muka gama na ja mota na bar sauran ganye da duwatsun waigi, waɗanda muka tokare taya da su, a kan titi. Allah kaɗai ya san mai babur ɗin da ya ci karo da su.

Canjin taya kowa yana ganin ya iya, shi ya sa yake cin mutane. A ja birkin hannu, a sa giya, a sa waigi gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar. A sassauta notuna tun taya tana ƙasa, ba bayan an ɗaga ba, don girgizar kwancewa ita ke zamar da jak. Ƙasarmu yashi ce, jak yana nutsewa, saboda haka guntun katako mai kauri ba ya rabuwa da motata. Na taɓa ganin jak ya zame a gabana, bas ta zauna daɓas a kan rim, yarona ya janye ƙafarsa ke nan. Tun ranar, da zarar na ciro taya sai in tura ta kwance ƙarƙashin mota, in ma jak ya ci amana ta sami abin sauka. Kuma ba mai shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko me ya faɗa can. Ɗaurin notuna a tsallake ake yi, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, a ƙarasa ɗaurewa bayan an sauke, in an yi tafiyar kamar kilomita 50 a tsaya a sake bi.

Ita kanta tayar da ta yi faci a daren nan, ni na jawo wa kaina. 'Yar Kwatano na saya, zanenta raɗau kamar sabuwa, na yi ta murna na yi wayo. Ban san taya tana da ranar haihuwa ba. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta yi ƙananan tsaga, zafin kwaltarmu na watan Afrilu kuma ba ya yi mata uzuri. Ku duba harafin C a ƙarshen lambar girmanta, kamar 195R15C, shi ke nuna tayar ɗaukar kaya ce. Tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin bas mai mutum goma sha takwas da buhuna a sama, wannan ba araha ba ce. Iska kuma da safe ake aunawa, taya tana sanyi, da geji, ba da bugun ƙafa ko ƙwanƙwasa da sifana ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ba kowane mai faci ne gejinsa ke faɗin gaskiya ba, na sayi nawa na aljihu na huta. Safaya ma taya ce, a riƙa tuna ta. Ba abin kunya kamar ka sauko da ita a daji ka tarar ta fi mai facin laushi.

In kuwa taya ta fashe kana cikin gudu, ƙafarka za ta nemi birki da kanta. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu ka tsayar da kan mota, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, bar ta ta rage da kanta, sai gudun ya faɗi sosai sannan ka taɓa birki sama-sama ka gangara gefe. Bas doguwa ce, ga lodi a kai, burki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kifar da ita. Fasinja za su yi ta salati da ihun “Taka birki!” Salatin ka karɓa, shawarar ka bar musu.

Maigidana na farko, Allah ya jiƙansa, ba ya tayar da mota sai ya zagaya ta bayan sallar asuba. Ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya leƙa ruwa, ya duba man birki, ya danna fanbel da babban yatsa, ya durƙusa ya ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare, ya sa ni in tsaya a baya in gaya masa ko fitilar birki da sigina suna kamawa. Duka bai fi minti goma ba. Ni ina ganin tsufa ne da son wahalar da yaro. Kullum maganarsa ba a fafe gora ranar tafiya. Da na sami tawa motar na watsar, har ranar da jar fitilar baƙin mai ta kama a gadar Wudil na ce bari in ƙarasa tasha. Wannan fitila ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take mai ba ya zagayawa, kuma inji ba ya jure haka ko na 'yan mintuna. Ya buga kafin in shiga gari. Wata biyu ina zaman benci a tasha ina kallon 'yan baya suna lodi, kuɗin da na tara na aure suka tafi Ƙofar Ruwa wajen sayen kayan inji.

Yanzu duk kilomita 5,000 nake juye baƙin mai tare da matatarsa, ina rubuta lambar kilomitan a ɗan littafi, ba na dogara da ƙwaƙwalwa. Da hunturu matatar iska tana cika da ƙura cikin 'yan kwanaki, a riƙa ciro ta ana kakkaɓewa, in ta gaji a canja. Man birki in ya riƙa raguwa, ba ƙari yake nema ba, ko dai takalman birki sun cinye ko akwai inda yake yoyo, a kai wa bakanike. Masu zuba ruwan omo a madadinsa su ji tsoron Allah, ruwa yana tafasa in birki ya ɗau zafi, feda ta tafi ƙasa a gangara. Na san ana yi, don ni ma an taɓa ba ni shawarar, kuma saura ƙiris in ɗauka.

Tukunyar kashe gobara ita ce abin da na fi daɗewa ina rainawa. Shekara da shekaru ina yawo da wata ja a ƙarƙashin kujera, ta nuna wa jami'ai ce kawai. Ranar da wayar wani abokin aikina ta kama wuta a tasha na ruga na ɗauko ta, na zare fil na matsa, ko tari ba ta yi ba. Da yashi da ruwan masu shayi aka kashe. Da na duba ɗan agogon da ke wuyanta, allurar ta daɗe da barin kore. Washegari na sayi sabuwa, na ɗaure ta a inda hannuna zai kai ina zaune, na kuma sa yarona ya zare fil ɗin tsohuwar ya mayar har sau uku a gabana, don in tabbatar ya san yadda ake yi.