Yadda nake shiga jirgi da kayan wasan harbin fenti

A nan Houston na koyi wasan harbin fenti, ta hannun abokan aikina. Ga wanda bai taɓa gani ba: ƙungiya biyu ce ke shiga fili, kowa ya rufe fuskarsa, a yi ta harbin juna da ƙananan ƙwallaye masu ɗauke da fenti, duk wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya fita. Muddin a cikin gari muke wasa, babu wata wahala, a zuba kaya a bayan mota a tafi. Sai da ƙungiyarmu ta fara zuwa babbar gasar da NXL, masu shirya gasannin wannan wasa, ke yi a Kissimmee ta jihar Florida a watan Nuwamba, sannan maganar jirgi ta taso. Daga Houston zuwa can kusan awa 14 ne a mota, kuma ba kowa ke samun hutun da zai kashe a hanya ba. Dole muka koma hawa jirgin sama zuwa Orlando, birnin da ke kusa da Kissimmee.

Kowa ya ɗauka bindigar ce za ta ba da matsala, ni ma haka na zata da farko. Ashe nata mai sauƙi ne. Hukumar TSA, wadda aka kafa bayan harin 11 ga Satumban 2001 don binciken fasinjoji a filayen jiragen Amurka, ba ta sa bindigar fenti a sahun bindiga mai harsashi ba. Sharaɗinta dai kada ta shiga jakar hannu. A sa ta a akwatin da ake aunawa a kai cikin jirgi. Tukunyar iskar da ke tura ƙwallon ita ce ke raba mutane da kayansu.

Tawa irin wadda yawancin 'yan gasa ke riƙewa ce, mai naɗin zaren kabon, tana ɗaukar iska har matsin 4,500 a ma'aunin psi. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce 32 zuwa 35. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ake tsananta mata ba. Abin da dokar ta ce shi ne a kwance kan tukunyar gaba ɗaya, wato regiletar da ke daidaita matsin iskar, a bar bakinta a buɗe yadda ma'aikaci zai leƙa ya ga cikinta da idonsa. Fitar da iska kawai bai wadatar ba. Allurar agogon da ke nuna matsin iskar tana iya nuna sifiri alhali agogon ne ya mutu, kuma ko da gaske babu iska, rufaffiyar tukunya tana iya ɓoye wani abin daban. Ma'aikatan ba za su kwance maka ba, ba aikinsu ba ne. Ni dai ina ganin gaskiyarsu. Mutumin da ke duba akwatuna ɗaruruwa a rana ba shi da hanyar sanin zuciyata, amma yana iya ganin cikin tukunya idan na buɗe masa.

Kwance kan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma ba a barinsa sai daren tafiya. Nakan fara da fitar da iskar sarai: in ɗaura tukunyar a bindiga ba ƙwallo, in yi ta harbawa har sautin ya mutu, sannan in danna ɗan tsinken da ke bakin regiletar da yatsa. Idan ya shige ba turjiya, ba wata iska da ta yi saura. Idan ya yi tauri, akwai matsi a ciki, kuma ba na taɓa sifana sai ya saki. Wannan ba wurin gaggawa ba ne ko kaɗan, domin kan da aka kwance alhali da iska a ciki yana iya mai da tukunyar abin da zai karya ƙashi ko ya yi kisa.

Karo na farko ban iya kwance tawa a gida ba, saboda masana'anta sun sa wa wurin da ake murɗa kan ɗan gam irin na Loctite. Sai na kai ta shagon da muke cika iska. Mai shagon, wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya naɗa wa jikin tukunyar bel ɗin roba ya riƙe, ya kama regiletar da sifana daidai girmanta, ya ɗan buga sau ɗaya. Sai na ji ƙas, ta saki. Ya goge ragowar gam ɗin da ƙaramin buroshi, ya ɗaga zoben robar da ke wuyanta ya haska shi a fitila, ya ce ya fara tsagewa, ya sauya mini. Shi ne ya hana ni matse jikin tukunyar a matsin ƙarfe irin na makanikai, don zaren kabon idan ya ƙwarzane sosai, tukunyar ta tashi aiki. Tun daga ranar nake iya kwancewa da kaina.

Wajen shirya kaya, regiletar nakan sa ta a ƙaramar leda mai zif tare da zoben roba na ko-ta-kwana. Bakin tukunyar kuma in rufe shi da safa mai tsabta, wadda ma'aikaci zai zare da hannu ɗaya, don kada ƙura ko zaren tufafi su shiga. Ita da bindigar ina ajiye su a saman akwati, ba a ƙarƙashin tufafi ba, na cire wa bindigar bututunta na naɗe shi daban. A kan su nakan ɗora takardar da na buga daga shafin TSA mai bayanin dokar. Makullin akwatin kuwa irin wanda suke da mabuɗinsa ne, don kada a fasa shi. Sau da dama nakan isa Orlando in tarar da 'yar takardarsu a ciki mai cewa an buɗe an duba, kuma komai yana inda na bar shi.

Batiran litiyam na ko-ta-kwana ba sa shiga akwatin awo, a jakar hannu ake riƙe su. Abin rufe fuska ma a hannu nake riƙe shi don gilashinsa. Ƙwallayen fenti ba na ɗauka sam: kwali ɗaya mai guda 2,000 ya kai kilo shida, akwati kuma kilo 23 aka yarda, ga shi jifa da sanyi suna lalata su, sannan manyan gasanni galibi a wurin ake sayen fentin da za a harba.

A teburin awo ba na jira a tambaye ni. Ina ɗora akwati sai in ce, "Akwai kayan wasan harbin fenti a ciki, da tukunyar iska wadda na cire wa kai, bakinta a buɗe yake." Wasu su gyaɗa kai kawai, wasu su kira babba, wasu su ce in tsaya kusa har a gama haska akwatin. Shi ya sa nake zuwa da wuri sosai. Kowane kamfanin jirgi yana da nasa ƙarin sharaɗi a kan na gwamnati, don haka nakan karanta nasu kafin in sayi tikiti.

Akwai wani yaro ɗan gida, ɗalibi, da na ja shi cikin ƙungiyarmu. Tafiyarsa ta farko na gaya masa ya kwance kan tukunyarsa, ya ce, "Yaya, ai na fitar da iskar duka, ka ga allurar tana ƙasa." Na ce, "Ƙanina, ba allura za su duba ba." Ya ce zai yi, hidimar makaranta ta sha kansa. Muna zaune muna jiran jirgi aka kira sunansa a lasifika. Ya dawo idonsa ya yi ja. An ba shi zaɓi: ko ya kwance kan nan take, ko ya ba wani ya koma da ita gida, ko ya bar ta. Ba sifana, ba mai karɓa, jirgi na shirin tashi. Tukunyar da ya yi watanni yana tara kuɗinta a nan ta tsaya. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san yadda ɗalibi ke samun kuɗi a ƙasar nan. A Kissimmee muka yi karo-karo muka sayo masa wata. Yanzu duk wanda zai bi mu, mako guda kafin tafiya sai ya turo mini hoton tukunyarsa da bakinta a buɗe.

Idan an isa kuma, mayar da kan yana buƙatar natsuwa kamar kwance shi. Ina duba cikin tukunyar da fitilar waya, in duba zoben roba, in murɗa kan da hannu har ya zauna, sannan in ƙara masa ƙarfi daidai yadda masana'anta suka ce. Ba a sa wa wurin shigar iska mai, ko ɗigo ɗaya, don mai da iska mai tsananin matsi suna iya kama wuta. Daga nan in ja layi da farin fenti daga regiletar zuwa wuyan tukunyar. Wannan dabara ta samo asali ne daga gargaɗin da hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta fitar a 2004, bayan mutum biyu sun rasu lokacin da kan tukunyar gas ɗin CO2 ya kwance daga jikinta ana ƙoƙarin cire ta daga bindiga. Idan layin ya rabu biyu yayin da kake murɗawa, ka tsaya nan take. Cikon farko kuma nakan roƙi mai cikawa ya yi shi a hankali, ina saurare ko akwai yoyo.

Masu cikawa suna duba ranar gwajin jure matsi da ke rubuce a jikin tukunya. Yawancin masu zaren kabon ana gwada su duk shekara biyar, kuma bayan shekara 15 sun gama aiki. Ba amfani ka sha wahalar kai tukunya Florida a ƙi cika maka ita saboda gwajinta ya wuce.

Ranar komawa ita ce mutane suka fi mantawa. An gaji, tufafi duk fenti, jirgi na asuba, sai a jefa tukunya a akwati da kanta. Bel ɗin roba da sifanata suna cikin akwatin awo don wannan daren, kuma ɗakina 'yan ƙungiya ke taruwa mu kwance duka kafin kowa ya kwanta.

Duk wannan dokar Amurka ce. Turai suna neman tambarinsu na Pi a jikin tukunya kafin su cika ta, Jamus kuma tana son alamar F a jikin bindigar. Gida kuwa, idan zan je ganin iyaye, a Houston nake barin kayan nan. Abu ne mai siffar makami, kuma ba zan sauka da shi a Kano ko Abuja ba sai da rubutaccen izini daga hukumomin da abin ya shafa a hannuna tun kafin in tashi.