Rimot a saman durowa

Talata. Tun ƙarfe goma bangon tsakar gida ke huci, wuta kuma ta tafi da asuba ba ta dawo ba. Na yi niyyar leƙa Goggo a Mabera, rana ta hana.

Ina cikin wanke shinkafa na ji katako ya yi ƙara daga falo. Na leƙa. Auta ya jawo aljihun durowa na ƙasa, ya jawo na biyu, ya mayar da su tsani. Ƙafarsa ɗaya na cikin na biyun, hannunsa na laluben rimot. Ƙafafun durowar na baya sun bar ƙasa, talabijin ta fara zamewa ta nufo kansa. Ban san yadda na tsallake tabarma ba. Na dai tsinci kaina na tokare durowar da kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da talabijin, ruwan shinkafa na bin fuskarta. Shi kuwa dariya yake yi, a zatonsa wasa ne.

Ni na ɗora rimot ɗin a can. Makon jiya ya ciro batir ya sa a baki, na ce bari in kai shi inda hannunsa ba ya kaiwa. Ashe hawa na koya masa.

Da Malam ya dawo bayan la'asar na ba shi labari tun bai cire hula ba. Ya dubi Auta, ya dubi durowa, ya ce, "To alhamdu lillahi, ai Allah ya tsare." Na ce ya tsare, amma ina son a kira kafinta gobe, a ɗaure durowar da bango, talabijin kuma a maƙala ta sama.

"Gidan haya fa muke, Maman yara. Kin manta abin da mai gida ya ce kan ƙusar labule?"

Na ce ban manta ba. Rami huɗu ne, kowane bai kai kaurin yatsa ba, ranar tashi a cike da siminti. Ya ce ai wannan talabijin ba ta da nauyi, ba irin ta gidan Baba ba ce mai ƙaton ƙeya. Nan na tsaya masa. Waccan nauyinta duk a gilashin gaba yake, shi ya sa take kifewa. Wannan kuma rashin nauyin ne matsalarta: 'yan ƙafafu biyu kamar na zabo, ko wayarta aka ja sai ta biyo. Durowar ma da aljihunanta a rufe ba ta motsi. Da an jawo su waje, nauyi ya koma gaba, yaro mai kilo 12 ya isa ya rinjaye ta.

Ya yi shiru yana firfita da hula. Na ƙara masa da abin da na taɓa karantawa: a 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka, bayan irinsu sun faɗo kan yara sun kashe su. Ya ce, "Can Amurka ke nan." Na ce tasu ma da injin ya yanka daidai ta kife, balle tamu da ƙafa ɗaya ke kan kwalin da aka ninke tun ranar jere.

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ƙarshe ya ce zai yi wa mai gida magana bayan isha'i, kuma in zai bi ta babbar kasuwa zai sayo ƙarfen nan mai kusurwa da sukurori da robar da ake cusawa cikin bulo. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe filasta, mun gani da labule.

Kafin nan na yi iyakar nawa. Na sauke talabijin ƙasa, na juya fuskarta ga bango, na tokare da kujera. Littattafan Malam masu nauyi na mayar aljihun ƙasa, tsummokara suka koma sama. Na share saman durowar tas: rimot, gwangwanin alewa, har kwalbar turare. Yayar Auta ta dawo Islamiyya ta tarar ba kallo, ta kumbura baki har magariba.

Tuwo ya yi ruwa. Ba wanda ya ce komai.

Hajiya ta kira, na gaya mata. Ta ce, "Wanga yaro, ubanai ya biyo, shi ma rumbu ya hau yana shekara ukku." Ta sa na yi dariya ta farko tun safe.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Mai gida bai ɗaga waya ba. Kafaɗata ta fara tsami, sai yanzu na ga ta yi shati. Auta na barci a katifarsa, ƙafa ɗaya a waje, kuma na lura inda muke shimfiɗa masa daidai gindin sif ne, wanda aka kawo ni da shi, mai ƙofa uku da madubi, akwatuna biyu a samansa. Shekara shida ina wucewa ta gabansa ban taɓa tura shi na ji ko yana girgiza ba. Ɗazu na tura. Yana yi.

Na ja katifar zuwa ɗaya bangon, bai ko motsa ba.