Ranar da na kai rahoton ogana

Shekarata shida a sashen kuɗi kafin na ci karo da abin da ya hana ni barci. Aikina shi ne haɗa rasitai da takardun biya, in tabbatar duk kuɗin da ya fita akwai kayan da suka shigo a madadinsa. Sai na lura da wani ɗan kwangila da muke biya kusan kowane wata, amma ban taɓa ganin takardar karɓar kayansa daga sito ba. Lambobin rasitansa kuma a jere suke, bi da bi, kamar ba shi da wani abokin ciniki sai mu. Sa hannun da ke ƙasan kowace takarda na ogana ne, mutumin da ya ɗauke ni aiki, wanda nake gaisarwa da "ranka ya daɗe" kowace safiya.

Kuskurena na farko shi ne na kasa riƙe bakina. Na faɗa wa wata abokiyar aiki da na yarda da ita, don kawai in ji sanyi a raina. Ba a yi kwana uku ba oga ya kira ni ofis, yana murmushi ya ce, "Hajiya, na ji an ce kina da tambayoyi." Washegari aka ɗauke fayil ɗin daga teburina. Ba na jin ta yi da mugun nufi, sai dai magana zarar bunu ce.

Abin da ya cece ni wani ɗan littafi ne da na riga na fara rubutu a ciki: kwanan wata, lambar rasit, wanda ya sa hannu, ranar da na tambayi mai kula da sito da amsar da ya ba ni. Ban kwashi takardun ofis na kai gida ba, ban kuma tura su zuwa imel ɗina na kaina ba, domin na san da wannan za a iya juya laifin kaina. Na kuma hana kaina rubuta "ya saci kuɗi". Abin da idona ya gani shi ne an biya, kaya ba su shigo ba. Shi na rubuta, na bar wa masu bincike su sa masa suna.

Ana cikin haka wata yarinya da ke zaman gwaji a sashenmu ta tsayar da ni bayan an tashi. Ta ce, "Anti, ina son magana da ke, amma ki yi min alkawari." Ta nuna min wayarta. Saƙonni ne daga oga, wasu ƙarfe ɗayan dare, yana tuna mata cewa takardar tabbatar da ita a aiki tana hannunsa. Ta ce sau biyu yana rufe ƙofa idan ta kai masa takardu. Tana magana hannunta na rawa, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ce ta yi laifi. Wannan ba da haƙurin ya fi komai ƙona min rai.

A take na so in haɗa maganarta cikin rahotona, don na san za ta ƙara masa nauyi. Ta ce, "Anti, don Allah kar ki sa sunana." Na kwana ina juyayi. Kuɗin na ma'aikata ne, ina da hurumin kai rahotonsu ko da kowa ya ƙi. Abin da ya same ta kuwa nata ne. An riga an ƙwace mata iko da kanta sau ɗaya, in na kai maganar ba da yardarta ba na zama ta biyu. Da ni ce shugabarta, da ƙa'idar wurin aikinmu ta tilasta min in sanar, kuma da ya kamata in faɗa mata haka tun kafin ta buɗe baki. Tunda ba ni ba ce, sai na ce kada ta goge ko saƙo ɗaya, ta ɗauki hotonsu yadda kwanan wata zai fito, ta rubuta abin da ya faru a ofis tun tana tunawa. Duk ranar da ta shirya, tare za mu je.

Ita a zatonta ba ta da bakin magana, tunda ba a tabbatar da ita ba, kuma saƙonnin ba a lokacin aiki suka zo ba. Na nuna mata yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2019. Ta shafi masu koyon aiki har da masu neman aiki, ta kuma shafi saƙonnin da suka danganci aiki ko ta waya aka aiko su. Ƙasashen da suka rattaba mata hannu a hukumance kaɗai take ɗaurewa, amma ganin abin a rubuce ya sa ta daina sunkuyar da kai.

Ban kai rahotona sashen kula da ma'aikata ba, saboda shugabansu aminin oga ne. Na karanta kundin ƙa'idojinmu daga bango zuwa bango, na tarar akwai hanyar da ke kai wa kwamitin binciken kuɗi kai tsaye. Ana iya ɓoye suna, amma na sa nawa, don su iya dawowa su yi min tambaya. Daga baya na ga rahoton 2024 na ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE, wanda ya nuna kashi 43 cikin 100 na zambar da aka gano ta hanyar tsegumi, wato wani ya kai rahoto, aka gano ta, kuma fiye da rabin masu tsegumin ma'aikata ne.

Sati biyar ban ji ko uffan ba. A dokar Tarayyar Turai ta 2019 kan kare masu kai irin wannan rahoto, dole a sanar da mai rahoto cikin kwana 7 cewa saƙonsa ya iso, a kuma ba shi bayani cikin wata 3. Da mu ma muna da irin wannan, da na huta da zullumi mai yawa. A wannan tsakanin aka daina kirana taro, wasu suka daina amsa gaisuwata, na ji da kunnena an ce min munafuka. Shi ma na rubuta shi a littafin, da rana da shaidu, na aika wa kwamitin.

Bayan wata huɗu aka ce oga ya ajiye aiki. Babu wanda ya faɗa mana abin da bincike ya gano, kuma har yau wannan rufa-rufar tana damuna, domin wani wurin zai ɗauke shi ba tare da ya san komai ba. Kafin ya tafi, yarinyar ta zo teburina da wayarta da takardu uku da ta rubuta da hannu, ta ce, "Anti, na shirya." Muka hau bene tare. A satin da ya biyo baya wasu mata biyu suka je suka ba da nasu bayanin.