Tarihin Rayuwar Irving Berlin, Kashi na 2: Maraya Mai Waƙa a Titi

A makon jiya mun tsaya inda iyalan Beilin suka sauka a New York a 1893, bayan sun baro ƙasar Rasha, ɗansu Isra'ila, wanda daga baya ya zama Irving Berlin, marubucin waƙoƙin Amurka, yana ɗan shekara biyar. Mahaifinsa, wanda a can gida yake rera addu'o'i a wurin ibadar Yahudawa, bai samu irin wannan aikin a Amurka ba, sai ya koma aiki a kasuwar nama. Ya rasu a 1901.

Yaro ɗan shekara goma sha uku ya zama maraya. Tallan jarida yake yi, amma abin da yake kawowa gida bai kai na 'yan uwansa mata ba, abin ya dame shi har ya tattara ya bar gida. Nan ne wurin da ya fi taɓa mini zuciya a duk tarihinsa. Ya koma kwana a gidajen haya na talakawa a unguwar Bowery, yana shiga mashaya yana waƙa, ana jefa masa 'yan kwabbai.

A 1906 ya samu aikin kai wa baƙi abinci yana rera musu waƙa a Pelham Cafe, cikin unguwar 'yan Sin. Idan an tashi da dare sai ya zauna gaban fiyano yana lalube shi kaɗai, babu malami. Shi ya sa har ya tsufa kusan baƙaƙen maɓallan kawai yake taɓawa, kuma sai ya rera wani ya rubuta masa kiɗan a takarda. A 1907 aka buga waƙarsa ta farko, "Marie from Sunny Italy", da sunan "I. Berlin" a jiki. Ladansa santi 37.

Shekara huɗu bayan haka waƙarsa "Alexander's Ragtime Band" ta fito, ta karaɗe Amurka har ta tsallaka Turai. Kuɗi ya zo, suna ya zo. A 1912 ya auri Dorothy Goetz, suka tafi Havana, babban birnin Cuba, yawon amarci. A can zazzaɓin taifot ya kama ta. Ba a cika wata shida da biki ba ta rasu, tana da shekara ashirin.

Mako mai zuwa za mu ji waƙar da ya yi mata, da yadda aka ɗauke shi aikin soja a 1918.